Waƙar Bagauda da Makokin Mutanen Dā

Duk al'ummar da Allah ya hore wa fasahar waƙa, idan ta waiwayi labaran magabatanta, ba kasafai take tsayawa a kan ranakun nasara da ganima ba, sai dai a kan ranar rashi, domin a nan ne zuciya take samun abin da za ta faɗa. Firdausi na ƙasar Farisa, wanda ya kammala Shahnama a shekarar 1010, ya ba da labarin sadauki Rustam, da ya kashe wani saurayi a fagen fama, bai san ɗansa Suhrab ba ne sai da mai aukuwa ta auku. Kuma ƙissar ta yi ƙarfin da a 1853 wani sha'irin Ingila, Matthew Arnold, ya sake ɗaukar ta. Haka Nizami a 1188 ya tsara ƙissar Laila da Majnun, waɗanda ƙauna ba ta gadar musu da komai ba face hauka da kushewa.

Mu kuwa Hausawa, musamman mutanen Taura da Ringim da Dutse, waɗanda kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ƙasar Kano muke, muna da namu kason a cikin Waƙar Bagauda, wadda ba a san mawallafinta na farko ba, wadda kuma Mervyn Hiskett ya buga tare da sharhi a 1964 da 1965. Bagauda shi ne wanda littafin Tarihin Kano ya sanya a farkon jerin sarakuna, masu lissafi suka ɗora hawansa a 999. Waƙar ta buɗe da yabon Ubangiji da salati ga Fiyayyen Halitta, bisa al'adar malamai, sa'an nan ta shiga jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adadin shekarun mulkinsa, har ta riski sarakunan Fulani, daga bisani ta juya zuwa wa'azi a kan mutuwa da hisabi. Sunaye da shekarun da ta kawo ba su yi daidai da na Tarihin Kano ba a wurare da yawa, amma wanda ya tsaya yana gardama a kan wannan, a ganina, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin lura shi ne, inda Firdausi ya zaɓi uba guda da ɗa guda ya sa mai sauraro kuka dominsu, mawallafin Waƙar Bagauda bai yarda ya tsaya a kan kowa ba: da zarar ya ambaci sarki, da daularsa da dawakinsa, sai ya wuce ga magajinsa, har mai saurare ya fahimta da kansa cewa jerin sarautar nan jerin jana'iza ne. Wannan hikima ce ta masu zuhudu, waɗanda suka ɗauki duniya gidan fana'i, suka kuma ji tsoron kada makoki ya zarce haddi ya zama jayayya da ƙaddara; irin wannan ruhin ne ake ji a waƙoƙin wa'azi da makafi ke rerawa a kasuwanni irin ta Gujungu.

Sai dai wannan tafarki, duk da falalarsa, ya bar wasu rayuka a baya. Dubi labarin Bayajida, wanda kowane ɗan makaranta ya haddace: rijiyar Kusugu, da macijiya, da auren sarauniyar Daura, da haihuwar Bawo. Amma kafin duk wannan, labarin ya ce da Bayajida ya gudo daga Barno saboda makircin surukinsa, ya bar matarsa 'yar sarki da juna biyu a Garun Gabas, wadda take nan ƙasar Haɗeja, ya wuce Gaya wurin maƙera, bai komo ba. A can ta haifi Biram, wanda da sunansa aka cike Hausa Bakwai. Mace ce da ta rabu da gidan ubanta domin mijinta, mijin kuma ya bar ta a baƙuwar ƙasa ya je ya sami wata sarauniyar, amma masu ba da labari jimla ɗaya suke ba ta su yi gaba.

Shari'a ba ta hana marsiyya ba, ga Hansa'u da ta yi kukan ɗan'uwanta Sakhru, ga Nana Asma'u 'yar Shehu da ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Saboda haka ina kira ga sha'iran Jigawa, maza da mata, su ɗauki alƙalami su ba uwar Biram haƙƙinta na baitoci, tun da a ƙasarsu aka bar ta.