Lauyan Da Ya Karɓo Wa Masu Haƙar Zinariya Diyya

Idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki, doka ta ce a biya shi diyya. To amma sau da yawa mai kamfani yakan ƙi biya, ko kuwa ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba. A nan ne aikin lauya yake shigowa. Wani lokaci a kotu ake ƙarewa, wani lokaci kuma a teburin sulhu. Labarin wani lauya na ƙasar Afirka ta Kudu mai suna Richard Spoor ya nuna yadda hanyoyin biyu suke tafiya tare.

A ramukan zinariya na ƙasar, leburori sukan shaƙi ƙurar dutse shekara da shekaru. Ƙurar takan taru a huhu ta sandarar da shi. Numfashi ya yi wuya, tarin fuka kuma ya samu ƙofar shiga. Wannan cuta ba ta warkewa. Da yawa daga cikin leburorin nan 'yan ci-rani ne daga karkara da ƙasashe irin su Lesoto da Mozambik. In ciwo ya ci ƙarfinsu, sai a sallame su su koma gida.

A shekarar 2003 Spoor ya sasanta da kamfanin Gencor a madadin waɗanda ƙurar ma'adinin asbestos ta yi wa illa, aka kafa musu asusun diyya. Daga nan ya juya kan masu haƙar zinariya. Ya tsaya wa wani lebura mai suna Thembekile Mankayi, wanda ya yi shekara 16 a rami, amma diyyar da aka ba shi kimanin rand dubu 16 ce kacal. Kamfanin AngloGold Ashanti ya ce doka ta hana ma'aikaci kai ƙara. A watan Maris na 2011 Kotun Tsarin Mulki ta ce yana da ikon yin ƙara. Sai dai Mankayi ya rasu 'yan kwanaki kafin a yanke hukuncin.

Wannan rasuwa ta nuna haɗarin doguwar shari'a. Marasa lafiya suna mutuwa, ƙara tana nan a kotu. A 2016 babbar kotun Johannesburg ta yarda leburorin su haɗa ƙararsu wuri ɗaya. Kamfanoni shida kuma sun zauna da Spoor da sauran lauyoyin leburorin. A 2018 aka daidaita a kan rand biliyan 5, kotu kuma ta amince a 2019. Aka kafa asusu mai suna Tshiamiso domin biyan marasa lafiya da magadan waɗanda suka rasu.

A sulhu kowane ɓangare yakan rage wani abu. Kamfani ya huta da shari'ar da ba ta da ranar ƙarewa. Lebura kuma ba sai ya tabbatar wa alƙali laifin kamfani ba. Abin da ake nema gare shi shi ne shaidar ya yi aiki a ramin, da sakamakon binciken likita. Duk da haka biyan ya yi jinkiri, musamman ga waɗanda ba su da takardun aiki.

Jama'a, a Nijeriya ma akwai dokar diyyar ma'aikata ta shekarar 2010. Mai kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Saboda haka duk mai aikin kamfani, ko na fasa dutse ne ko na gini, ya adana takardar ɗaukarsa aiki da katin asibiti. In haɗari ya auku ya sanar nan da nan. Kada kuma ya dangwala hannu a takardar sulhu sai an karanta masa ya fahimta.