Daga Jirgin Dufuna zuwa Komin Rijiyar Magarya

Magarya da Dungas ba su da teku, amma ƙasa ce ta ƙorama da fadamu da tafkuna, kuma tana cikin kwarin Tafkin Cadi. A wannan kwari ne aka samu jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka.

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da itace a zurfin mita 5. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an fafe shi daga gungume ɗaya. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Laka da danshi ne suka hana shi ruɓewa. Yanzu yana ajiye a Damaturu.

Irin wannan sassaƙa ba ta mutu ba. A kasuwannin Magarya da Wacha da Dungas har gobe ana samun aikin masassaƙa, masu fafe gungume da gatari da gizago. Da haka ake yin komin da dabbobi ke shan ruwa a bakin rijiya, da turmi, da akushi. Masassaƙi ya san itacensa: kirya tana da tauri, tana jure daka da gara, shi ya sa ake nemanta don turmi da taɓarya.

Tsofaffin kayan ne ke ƙarewa. Roba da rabin ganga sun maye gurbin komi, kwanon silba ya kori akushi, manyan itatuwan kirya kuma sun yi wuya. Abin da gara ta bari sau da yawa murhu ke cinyewa, ko dillalan kayan tarihi su saye da araha.

Adana su ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗaga su daga ƙasa, a ajiye a inuwa nesa da danshi, kada a goge ko a shafa fenti, domin sawun gizago da zaizayar hannu su ne shaidar tsufansu. A kuma tambayi dattawan gida wa ya sassaƙa, da wane itace, a zamanin wane sarki, a rubuta amsar. Gidan tarihi na Damagaram da na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, irin wannan bayani zai yi musu amfani.