Cire Haƙori: A Kula Da Gudan Jinin Da Ke Cikin Rami

Sau da yawa akan ga wanda aka cire wa haƙori ya koma asibiti bayan kwana 3 ko 4 yana riƙe da kunci, ciwo ya hana shi barci. Abin da ke jawo haka shi ne zubewar gudan jinin da ke toshe ramin, wanda shi ne ke rufe ƙashi har nama ya tsiro.

Shiri yana farawa tun kafin aiki. Wajibi ne maras lafiya ya shaida wa likita idan yana da hawan jini ko ciwon suga, ko yana shan maganin tsinka jini, haka ma mace mai juna biyu. Idan za a sa shi barci, akan hana shi abinci na awa 6 kafin aikin.

Bayan an gama, sai ya cije audugar da aka sa masa na minti 30. Kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofar da yawu har awa 24 ta cika. A ajiye taba da goro da shayi mai zafi, a sha kunun da ya huce. Washegari a fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri.

Kumburi na kwana 2 zuwa 3 ba abin tsoro ba ne. Amma in jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta gagara, a koma wurin likita nan take.