Rayuwa da Aiki a Ƙaramar Mahaƙar Duwatsu Masu Daraja

1.0 Gabatarwa

Haƙar ma'adinai daɗaɗɗiyar sana'a ce a tsakiyar Nijeriya. Bayan kuzar da aka san Jos da ita, akwai duwatsu masu daraja irin su zumurrudu da akwamarin da tofaz, waɗanda ake haƙa a yankunan Gwantu a Jihar Kaduna da Nasarawa Eggon a Jihar Nasarawa. Galibin mahaƙun ƙanana ne, mutane kaɗan ke aiki a kowane rami, kuma da hannu ake yin aikin.

2.0 Abin da Ake Nema

Waɗannan duwatsu ba a warwatse suke ba. Ana samun su ne a cikin jijiyoyin da suka ratsa fa, musamman a wasu 'yan koguna da yumɓu ya cike. Dutsen akwamarin yakan fito da kusurwa shida, sumul kamar an fafe shi. Irinsa iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda za a yanka a yi kayan ado da shi, akwai kuma wanda ake so kamar yadda Allah ya halicce shi, manne da uwar dutsensa, domin gidajen adana kayan tarihi da jami'o'i da masu sha'awar tarawa. Wannan na biyun shi ya fi buƙatar lallami, domin da zarar kansa ya ɓalle, darajarsa ta zube.

3.0 Aikin Yini

Tun da sassafe mahaƙa kan isa bakin rami. Aikin farko shi ne kwashe ruwan da ya taru da dare, ko da bokiti ko da inji. Daga nan sai a raba aiki: wasu su sauka da igiya riƙe da diga da guduma da tocila, wasu su tsaya a sama suna jawo ƙasa, wasu kuma su wanke ta a rariya suna tsince abin da ya fito.

Gogaggen mahaƙi yakan gane an kusa kogo idan dutse ya soma laushi, ƙarar guduma ta sauya, yumɓu ya bayyana. A nan sai a ajiye manyan kayan aiki, a koma tono da tsinke da yatsu. Dutsen da aka ciro akan naɗe shi da tsumma tun kafin a wanke shi. Sai dai akan shafe makonni ba a ga komai ba, shi ya sa mahaƙa ke riƙe da karin maganar nan, mai haƙuri yakan dafa dutse.

4.0 Rabo da Ciniki

Sau da yawa akan sami ubangida mai ɗaukar nauyin abinci da man inji, bisa sharaɗin za a raba abin da aka samu ko a sayar masa. Dillalai kan kai hajar Jos ko Ibadan, daga can ta wuce Bankok a ƙasar Tailan, ko kasuwar baje kolin duwatsu ta Tusan a Amurka. Mahaƙin da bai san darajar abin da ya tono ba shi ne ke kwana ciki, domin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5.0 Haɗari da Doka

Ruftawar rami, musamman da damina, ita ce babbar barazana. Ƙurar dutse kuma tana lalata huhu sannu a hankali. Haka nan ramukan da aka bari a buɗe kan halaka yara da dabbobi, su kuma ɓata gonaki. Dokar ma'adinai ta shekarar 2007 ta tabbatar da cewa duk ma'adinan ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, don haka wajibi ne ƙaramin mahaƙi ma ya nemi lasisi.

6.0 Kammalawa

Malamin da aka tura irin wannan yanki zai tarar da ɗalibai masu barin aji su tafi rami da zarar an ji labarin wani ya dace. Sanin yadda sana'ar take, da ribarta da haɗarinta, shi zai ba shi damar shawo kan iyaye da yara da hujja.