Shin 'Yan Sa Kai Za Su Iya Maye Gurbin 'Yan Sanda?

A tsakiyar shekarar 2013, lokacin da Boko Haram ta hana Maiduguri sakat, samarin unguwanni suka fito da gora da adda suka ce abin ya isa haka. Su ne 'yan ƙato da gora. Makaminsu na gaske shi ne sanin gari. Sojan da aka turo daga wata jiha bai san wane ɗan wane ba, yaron unguwa kuwa ya san wanda ya ɓace wata uku ya dawo da baƙin abokai. Cikin 'yan watanni aka fatattaki mayaƙan zuwa daji.

Da wannan ne masu cewa a bar jama'a su tsare kansu suke kafa hujja, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ƙauyensa ya nemi ɗauki cikin dare har gari ya waye ba a ga kowa ba, dole ya yi irin wannan tunani.

Sai dai a waiwayi Zamfara. Can kuwa satar shanu da fashi ne suka haifi 'yan sa kai, manoma suka riƙa haɗa kuɗi ana sayen bindigar gargajiya. Da farko an ji daɗi. Daga baya wanda ya kama shi ne mai tuhuma, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci. An kashe Fulani a kasuwanni kan zargi kawai, babu shaida, babu kotu. 'Yan uwansu wasu suka shiga daji da niyyar ramuwa, 'yan bindiga suka sami sabon jini, ƙauyukan da aka tashi karewa su aka koma ƙonawa. Wannan ɓangaren ne ba a son faɗa, shi ne kuma ya fi ci mini rai.

Ko a Borno, gwamnati ce ta ɗauki wasu daga cikin samarin, ta horar da su tana ba su alawus. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Mataki ne mai kyau, amma kaki da babur ba su wadatar ba. Ina so in ga kowane askar da rajista da lamba, wanda ya kama ya miƙa shi ofishin 'yan sanda a ranar, wanda kuma ya kashe marar laifi ya gurfana gaban alƙali kamar kowa.