Makunnin sitiyarin Peugeot 504: Gyaran da haƙuri ya fi kuɗi amfani a cikinsa

Tun daga 1975 da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Peugeot 504 ta zama motar gwamnati, wadda ta yi jigilar manyan sakatarori da daraktoci shekara da shekaru. Ƙalilan da suka rage a Abuja yau suna hannun 'yan fansho ko 'ya'yan da suka gaje su. Injinta ba ya cika ba da wahala. Abin da ya fi kunyata mai ita shi ne ɗan makunnin da ke jikin wuyan sitiyari, mai sarrafa fitilu da sigina.

Ciwon yakan fara a hankali. Sigina ta ƙi kamawa sai an jijjiga sandar, daga bisani fitilun gaba su ɗauke ana tsakiyar tafiyar dare. Dalili kuwa, wutar fitilun tana ratsawa ne ta cikin ƙananan harsunan jan ƙarfe da ke cikin makunnin. Shekaru na tafiya, giris ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga, harsunan su yi zafi su yi baƙi.

Sabon makunni na asali ya yi wuya, shi ya sa wasu masu rewaya a Apo ke yanke wayoyi su huda gaban mota su dasa wani. Wannan ganganci ne: ya rage wa motar daraja, kuma haɗin waya na gaggawa yana iya jawo gobara.

Ƙwararre yakan fara da cire kan batir, ya kwance murfin wuyan sitiyarin, ya ɗauki hoton wayoyin kafin ya zare ko ɗaya. Sai ya buɗe makunnin a cikin roba mai zurfi, domin akwai 'yan sifirin da ƙwallayen ƙarfe da ba su kai ƙwayar gero biyu ba, waɗanda in suka yi tsalle a ƙasar gareji, sai dai haƙuri. Ya goge harsunan da samfefa mai laushi, ya wanke, ya shafa sabon giris kaɗan.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: sanya rile tsakanin makunnin da fitilun, ta yadda wuta mai nauyi za ta bi ta can, makunnin ya zama mai ba da umarni kawai. In ba a yi haka ba, harsunan da aka goge za su sake ƙonewa.