Abubuwan da ya kamata ka sani game da gwajin zafin kayan lantarki

Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, da wuya ka ga shagon da babu caja, sitabilaiza ko inbatar sola. Mai saye yakan ce a jona masa ya gani. In fitila ta kawo, ya taɓa jiki ya ji babu zafi, ciniki ya faɗa. Wannan taɓawar ta minti biyu ba ta nuna komai.

Me ake jira a gwajin?

Duk na'urar da wuta ke ratsawa tana ɗumama. Da farko zafin yana hawa da sauri, sannan ya riƙa rage gudu, har wanda take samarwa ya yi daidai da wanda iska ke ɗauke mata. Sai a nan ake karanta adadin da za a yi hukunci da shi. Kafin a kunna ta, masu gwaji sukan manna siraran wayoyin auna zafi a kan naɗin waya, da roba, da duk inda hannu ke kaiwa.

Yaushe za a ce zafin ya daidaita?

Nan ne gizo ke saƙa, domin zafi ba ya tsayawa cak, hawansa ne ke raguwa har ido ya daina gani. Shi ya sa aka ja layi. Ƙa'idar IEC 62368-1, wadda ta shafi kwamfuta, talabijin da caja, ta ɗauka zafi ya daidaita idan bai ƙaru da fiye da digiri 3 cikin minti 30 ba. Taransifoma mai mai, irin na garuruwanmu da na tashar lantarki ta madatsar Tiga a Bebeji, sharaɗinsa ya fi tsauri: IEC 60076-2 ta ce sai ƙaruwar zafin man ta gaza digiri 1 a awa, ta kuma zauna haka awa 3. Ƙarfe da mai masu yawa suna ɗumama a hankali, kuma wanda ya yi gaggawar kashe gwaji zai rubuta adadin da bai kai na gaskiya ba.

Dutsen guga da firji kuwa suna kunna kansu suna kashewa, don haka ƙololuwar kowane zagaye ake kwatantawa da ta baya. Haka nan in ɗakin gwaji ya yi sanyi da yamma, na'ura za ta yi kamar ta daidaita alhali tana hawa.

Ina ruwan mai saye da wannan?

Yawancin iyakokin kayan gida an gina su a kan ɗaki mai digiri 25. A Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ana wuce 40. Naɗin da ya ƙaru da digiri 60 zai tsaya a 85 a can, a nan kuwa ya kai 100, dab da 105 da rufin waya mai ƙaramar daraja ke jurewa. Injiniyoyi na ƙiyasta cewa ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar rufin.

Hukumar SON ce ke tantance kayan da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP, amma ba ta san inda za ka ajiye naka ba. In za ka sayi firji, duba harafin T a jikinsa, shi aka yi wa zafin digiri 43. Sabuwar inbata kuma, ɗora mata lodin da za ta riƙa ɗauka, ka bar ta awanni da tsakar rana kana dubawa. In zafinta bai daina hawa ba, ko ka ji ƙaurin roba, mayar wa mai shago.